Ranar da Na Hau Jirgin Legas

Aminu, wannan babin naka ne, ko da yake ƙannenka ma za su karanta. Na san abin da aka riƙa gaya maka tun kana yaro, domin ni ma an sha faɗinsa a kunnena a gidajen biki: wai na cire ka daga nono kana rarrafe, na hau jirgin sama na tafi Legas shan iska. Ban taɓa musa wa kowa ba, don rabin maganar gaskiya ce. Na cire ka daga nono, na kuma hau jirgi. Sauran rabin ne ba wanda ya taɓa tambayata, kuma mutum biyun da suka san shi a garinmu, babanku da Iya kakarku, duk sun riga mu gidan gaskiya. Yanzu idona ya fara rauni, gara in rubuta kafin alƙalami ya gagare ni.

Shekarar nan ta zo mana da komai a haɗe. Man fetur ya ɓace, taki ya gagari talaka, hatsin da ke rumbu ana aunarsa da tsoro. Da zafin bazara ya kankama kuma sai sanƙarau ya shigo ƙauyukanmu na bayan Dawakin Tofa. Kun san yadda muke zaune, wannan gida na jin tarin wancan, gona na jingine da gona, babu inda mutum zai matsa. A lokacin ina koyarwa a firamaren garinmu, ina ganin bencunan aji suna ta zama wayam. Sai ciwon ya iso gidanmu. Ya fara da 'yar farina, wadda kunya ba ta taɓa bari na kira sunanta ba, sai dai in ce “ke” ko “yarinyar nan”. Da hantsi ta ce kanta na ciwo, kafin la'asar wuyanta ya ƙi lanƙwasuwa. Mota ba ta samu ba, a amalanken shanu muka ɗauke ta, a hanya ta cika. Ba a gama karɓar gaisuwarta ba Sani mai bi mata ya kwanta. Shi ya isa asibiti, amma a baranda aka shimfiɗe shi don babu gado, a nan ya bi yayarsa. Kai kaɗai ka rage, kana goye a bayana.

Ban yi kururuwa ba. Mata suka yi ta yabona, suna cewa Malama akwai tawakkali. Kuma Allah shaida ne, na karɓi ƙaddara har cikin zuciyata, jikina ne bai karɓa ba. Tuwo ya daina wucewa a maƙogwarona. Barci ya ƙaurace mini. Sai in tsaya gaban allo da alli a hannu, yara suna jira, in rasa abin da ya kawo ni. An yi mini rubutu na sha, an yi tofi, an yi hayaƙi, na karɓa duka ba gardama, amma kullum zanina sai ƙara zagaye ƙuguna yake yi. Wata rana aka tashi makaranta, kana barci a tabarma a ƙuryar aji, na ja ƙofa na sa kwaɗo na taho gida. Sai da Iya ta dubi bayana ta ce ina yaron, sannan na ji bayan nawa babu nauyi. Kafin mu isa, maigadi ya riga ya ɓalle kwaɗon saboda kukanka.

Bayan wannan ne babanku ya aika wa Falmata, ba tare da ya gaya mini ba. Falmata ƙawata ce tun muna kwalejin horon malamai mata, gadonta a saman nawa. Iyayenta mutanen Barno ne da suka daɗe a Fagge, aure kuma ya kai ta Legas, inda mijinta Alhaji Bukar yake sana'ar fatu. Ta hannun wani ɗan kasuwar Dawanau mai kai wake kudu saƙon ya tafi, ta hannunsa kuma amsa ta dawo, tare da tikitin jirgi. Ɗan kasuwar ya ce ta ce a sako mata ni, kuma kada a kuskura a sa ni a mota, don a yadda aka kwatanta mata ni ba zan kai ba.

Da yamma babanku ya kai maganar ɗakin Iya, ina zaune a bakin ƙofa. Tana ɓare gyaɗa ta saurare shi har ya gama.

“Ta tafi,” in ji ta. “Ban hana ba. Amma yaron nan ba zai bi ta ba.”

“Iya, bai isa yaye ba,” in ji babanku.

“Ni za ka gaya wa? Ni na yanke masa cibiya. Biyu sun tafi, shi kaɗai Allah Ya bar mana. Hannun da ya manta shi a aji, ina zan san inda zai manta shi a garin da ba mu da kowa?”

Babanku ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu. Ta juyo gare ni, muryarta ta sauka.

“Dije, ba don ƙi nake faɗa ba. Ɗago ki dube ni. Ke da kanki, kin yarda da hannunki?”

Na so in ce e. Da na ce e, na san babanku zai tsaya mini, Iya kuma za ta yi shiru. Na dubi hannuwan nawa a kan cinyata, su ne suka sa kwaɗon nan.

“A'a, Iya,” na ce.

Ka ga ke nan ba ƙwace ka aka yi ba, ba kuma yar da kai na yi ba. Tambaya aka yi mini, na faɗi gaskiya.

Ruwan farko ya sauka ana jibi zan tafi, don haka ranar tafiyar gari duk ya fita shuka. Bayan sallar asuba na shayar da kai. Ka sha kana wasa da bakin ɗankwalina, har ka koma barci, ka sake farkawa. Iya ta karɓe ka ta ce bari ku je ku ga awaki, ta zagaya da kai bayan gida don kada ka ga fitata. Ba ta yi mini doguwar sallama ba. Ta ce Allah Ya kai lafiya, Allah Ya dawo da ke da ƙibarki, ta shige. Babanku ya ɗaure jakata a gaban kekensa, ya ɗora ni a baya. Inda yashi ya yi yawa sai ya sauka ya tura, ni kuwa ba ya bari in sauka. Ƙasa tana ta ƙamshin ruwa. Dama da hagu mutane ne jere, mai sungumi a gaba yana sara, na baya suna zuba iri suna rufewa da diddige. Duk gonar da muka wuce sai a miƙe a dube mu. Wata tsohuwa ta ɗaga murya ta ce Malama sai ina da sassafe haka, babanku ya amsa mata da cewa asibiti. Muka wuce tamu gonar, ita kaɗai ba kowa a cikinta. Bai dube ta ba, ni ma na yi kamar ban gani ba.

A bakin titi ya ajiye keken wurin mai shayi. Mun daɗe muna jira, titin shiru kamar an share shi, kafin wata a-kori-kura mai ɗauke da buhuna ta tsaya, direban ya san babanku, ya ba mu gaba. Ta sauke mu a Dawanau, inda muka matsa cikin wata bas da ake tura ta kafin ta tashi. Abin da na fi tunawa a hanyar birni shi ne layin mai: motoci jere ba a ganin ƙarshensu, direbobi sun shimfiɗa kwali a ƙarƙashi suna barci, wasu har sun shanya wanki a kan gilashi. Ba mai hayaniya. Kowa ya gaji da faɗa.

Na zaci filin jirgi zai cika da mutane, sai na tarar da wani babban zaure mai sanyin siminti, fankoki rabi na juyawa rabi sun tsaya, matafiya 'yan kaɗan a warwatse a kujeru. Wata mata a bayan kanta ta duba tikitin, ta ce jirgin bai iso ba tukuna, mu zauna. Muka zauna. Hantsi ya wuce, rana ta take. Babanku ya tashi ya tambaya, aka ce ana jiran mai, don ashe jirgin ma layi yake bi. Muka yi azahar a wani ɗan masallaci a gefe, muka dawo kujerunmu. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa zama da shi kafaɗa da kafaɗa a gaban mutane haka ba. Yana ta murza hularsa a gwiwa. Can ya dubi rana ta taga, na san abin da yake tunani: idan ya ƙara jimawa ba zai sami motar komawa ba, ga danshin gona ba ya jira.

“Malam, ka tafi,” na ce. “Ba inda zan ɓata a nan.”

Ya daina murza hular. Ya zaro ƙullin dabino da ƙuli-ƙuli daga aljihun rigarsa ya sa mini a cinya.

“Ko ɗaya-ɗaya ne ki riƙa sawa a baki.” Ya miƙe, ya sake zama. “Dije, kada ki ƙirga kwana. Ba na son ki dawo don kunyar mutane. Ran da kika ji yunwa da kanki, ba wanda ya ce ki ci, to ki fara shirin gida.”

Ya je wurin matar nan ta bayan kanta, na hango shi yana nuna ni yana yi mata bayani, yana ɗan rusunawa, shi da ya girme ta. Sannan ya fita bai waiwayo ba. Ina kallon bayan rigarsa, jiƙe da gumi, har ya ɓace.

La'asar ta kusa aka kira mu. Muka taka a ƙasa zuwa gindin jirgin, kwalta na ƙona tafin ƙafa ta cikin silifa. Matakalar ta yi mini tsawo, sai da na huta a tsakiya. A ciki kujeru da yawa babu kowa. Na zauna jikin taga, wata dattijuwar Bayarabiya mai babban ɗaurin ɗankwali ta zauna kusa da ni, ita ce ta ɗaura mini bel ɗin kujera da ta ga ina juya shi. Na yi zaton zan ji tsoro. Na karanta addu'ar hawa abin hawa, jirgin ya yi gudu, ya ɗaga, amma tsoron bai zo ba. Ina jin wanda ya gaji irin wannan gajiya ba shi da wurin ajiye tsoro.

Na manna goshina a gilashi. Birni ya wuce, sai ga ƙasarmu shimfiɗe a ƙasa, ban taɓa sanin haka take ba. Gonaki ƙanana-ƙanana an jera su kamar facin zani, ko tafin hannu ba a bari ba, kowace da iyakarta, ɗorawa da kuka tsaye a tsakaninsu kowacce da inuwarta. Gidaje tsibi-tsibi, hanyoyin ƙafa farare sun haɗa su. Na yi ta neman garinmu, ina cewa zan gane shi da rufin kwanon makaranta, amma kowane ƙauye da irin rufin nan, ban ma san ko ta wajenmu jirgin ya bi ba. Sai na tuna a cikin kowane tsibin nan akwai gidan da aka yi zaman makoki a wannan bazarar, akwai wata mace da ta wayi gari ta ɗauki iri ta fita. Ni kaɗai ce a sama. Kunya ta rufe ni, na janye fuskata. Da na sake dubawa gajimare ya rufe komai.

A nan ne nono ya kawo. Tun safe ba a sha ba, ya cika ya yi tauri, zafinsa har hammata. Na ji sanyi a ƙirjina, na duba, gaban rigata ya jiƙe har ya fara ratsa gyale. Na ƙanƙame hannuwana a kai. Dattijuwar nan ta duba sau ɗaya. Ta buɗe jakarta ta ciro wani ɗan tawul fari ta ninka ta tura mini ta ƙarƙashin gyalen. Sannan ta yi magana da Hausarta ta Sabon Gari.

“Yaro yana ina?”

“Yana gida, Mama.”

“Yana lafiya?”

“Lafiya lau.”

“To, alhamdu lillahi. In kin sauka ki sa ruwan ɗumi, ki matse kaɗan, ki ɗaure da zani. Zai yi zafi, zai wuce.”

Ba ta tambayi dalili ba, ba ta tambayi 'ya'yana nawa ba, tambayar da na fi tsoro a duniya a lokacin. Da ma'aikaciyar jirgi ta turo kekenta, Mama ta karɓar mini shayi, ta zuba sukarinta da nawa a ciki, ta gutsura burodi ta tsoma ta miƙo mini kamar yarinya. Na ci don kada in kunyata ta. Ya wuce. Ta sake miƙowa, ya sake wucewa. Ƙugin jirgin ɗaya ne ba ya canzawa, babu mai sallama, babu mai zuwa gaisuwa, babu wanda ya san ni. Ban san lokacin da kaina ya faɗa kafaɗarta ba. Barcin da ya gagare ni tun bazara, a sama ya same ni, a kafaɗar matar da ban san sunanta ba har yau. Da ta tashe ni, ƙasa ta zama kore shar, ruwa kwance ko'ina tsakanin itatuwa, rufin gidaje jajaye ba iyaka. Na so in mayar mata da tawul ɗin, ta ture hannuna, ta shige cikin mutane.

Iskar Legas ta dafe ni kamar jiƙaƙƙen bargo. A bakin fita na hango Falmata, ta yi ƙiba, ta yafa lafaya ruwan goro, tana ta leƙen bayan mutane. Idonta ya bi ta kaina ya wuce. Sai da na tsaya a gabanta na ce Falmata, sannan ta dube ni sosai. Na ga bakinta ya motsa. Na shirya jin abin da kowa ke faɗa. Ba ta faɗa ba. Ta karɓi jakar, ta kama tsintsiyar hannuna, yatsunta suka zagaye ta har suka haɗu.

“Tun azahar nake nan tsaye,” ta ce. “Mu je gida, ƙafafuna sun mutu.”

A mota ita ta yi ta magana, kan cunkoson hanya, kan tsadar tumatir, kan wata malamarmu ta kwaleji mai jan kunne. Ba ta nemi in amsa ba. Gidansu a Agege yake, a saman bene, ƙamshin turaren wuta ya tare mu tun daga matakala. Alhaji Bukar ya gaishe ni daga bakin ƙofa, ya yi mini ta'aziyya a taƙaice, ya ce gidan nan gidana ne, ya sauka masallaci. Falmata ta kai ni ɗakin da ta gyara, ta kawo ruwan ɗumi a roba. Da ta janye gyalena ta ga rigar da tawul ɗin, sai ta tsaya cak, don ba a gaya mata an bar ka ba. Ta durƙusa ta shiga gasa mini ƙirji da hannunta, ni ina cije leɓe.

“Dije,” ta ce, ba ta ɗago ba, “a ɗakin nan ba mai ce miki ki yi haƙuri. Kin yi, Allah Ya gani. Yanzu ki gaya mini su. Babbar ma ban gan ta ba tun tana zanin goyo. Wa ta biyo?”

Na ce babanta ta biyo, har tafiyar. Na ce tana son ƙanzo, tana tsoron talo-talo. Sai na ji bakina ya ce Rabi. Ban taɓa furta shi ba tun ranar suna. Na sake faɗa, na sake, daga nan kuma abin da ya toshe tun bazara ya ɓalle. Falmata ta tura ƙofa da ƙafa, ta riƙe ni, muka yi ta yi har aka kira magariba.

Damina guda na yi a gidan. Sun kai ni wurin likita, na sha magani, amma yawancin maganin zama ne a baranda da tsintar shinkafa da surutun Falmata. Wata safiya na shiga kicin da kaina na kankare ƙasan tukunya na cinye a tsaye. Falmata ta same ni a haka, ta yi dariya har da hawaye, ta ce bari Alhaji ya nemo tikiti, don na gaya mata abin da babanku ya ce a filin jirgi.

Na dawo ana yankan gero. Namu bai yi kyau ba, don an makara a shuka, babanku kuma shi kaɗai ya yi noman. Bai taɓa ambata mini ba. Na shiga gida da sallama, sai ga ka a tsakar gida kana tafiya da ƙafafunka, ka yi ɓul-ɓul da kunun gyaɗa da nonon akuyar Iya. Na durƙusa na buɗe hannu. Ka dube ni, ka juya da gudu ka shige cikin zanin Iya. Ta yi ta turo ka tana cewa je ka mana, uwarka ce, kai kuwa ka ƙanƙame ƙafarta. Ba ka ƙara kwana a ɗakina ba. Da bakinka ya buɗe, ka ji 'yan makaranta suna ce mini Malama, kai ma ka ɗauka, kuma shi kake kirana har yau da furfura ta fara fito maka. Iya ta sha yi maka faɗa a kai, ni na ce ta bar ka.

Ba na neman ka canja shi yanzu, kuma kada wani cikinku ya riƙe Iya a zuciya, don ta riƙe amana fiye da yadda ni zan iya a shekarar nan. Ƙannenka duk bayan tafiyar aka haife su, da ban tafi ba ban san ko da za a same su ba. Kai ne ka biya kuɗin jirgin nan, Aminu, tun ba ka san ana biya ba. Na daɗe ina son in ce maka na gode.